Nakiyar Gwamnati

Akwai wani mutum mai suna Ɗahiru, shugaban aikin wata hanya da gwamnati ke yi zuwa bakin ruwa a wani ƙauyen masunta kusa da Wara, a ƙasar Yawuri. Lokacin Yawuri tana cikin jihar Sakkwato.

Ɗahiru ya san aikinsa, amma akwai ji da kai. Duk wanda ya yi masa tambaya, amsa ɗaya ce: aikin gwamnati ne, ba ruwanka.

Hanyar ta zo ta ci karo da wani ƙaton dutse a gaɓar ruwa, inda mata ke shanya kifi. Dole sai an fasa shi, sai aka kawo nakiya. Ɗahiru ya hana a faɗa wa kowa. Kuma yana da hujja, domin ya san akwai ɓata-gari masu satar nakiya su jefa a ruwa, su kashe kifi manya da ƙanana, wani ma ya rasa hannu. Sai ya sa aka kewaye wurin da waya ta ɓangaren tudu. Ya manta cewa masunci ba ta tudu yake zuwa ba.

Cikin leburori akwai Idi, wanda mahaifiyarsa Uwani ita ce shugabar mata masu bandar kifi. Ya kasa haƙuri, ya raɗa mata cewa an kawo nakiya akwati-akwati, ranar Laraba za a yi aiki da ita, don Allah kada ta je dutse.

To, Uwani nakiya ɗaya ta sani, ta shinkafa da zuma da ake rabawa a biki. Ta ce wato gwamnati ta aiko da abin daɗi, ma'aikata za su cinye su kaɗai. Kafin la'asar labari ya gama gari.

Ranar Laraba an dasa nakiya a ramukan dutse, leburori sun ja baya, umarnin Ɗahiru kawai ake jira. Ya ɗaga hannu ke nan sai ya ji guɗa daga bayan dutsen.

Ya ruga da gudu. Ga kwale-kwale a ɗaure, ga mata zaune a kan dutsen da kwanukansu, wasu da goyo.

"Yallaɓai, mun zo amsar rabonmu," in ji Uwani. "Mi kuka ɓoye muna?"

A nan girman kai ya zube. Ya roƙe su suka sauko, ya faɗa musu irin nakiyar da suke zaune a kai, da dalilin da ya sa ya yi shiru. Uwani ta saki kwanonta, ta yi ta salati.

Sarkin Ruwa Jibrin, shugaban masunta, ya zo ya saurara, sannan ya ce: "Ɗana, inda kuka aje ta, riƙe sirrinka, ba mu tambaya. Amma ranar da za ta tashi, wanga haƙƙinmu ne mu sani, don mu ne kusa da ita."

Haka aka yi. Kafin kowace fasawa sai mai shela ya zaga gari, masunta su tare hanyar ruwa da jiragensu. Har aka gama aiki ba a saci komai ba, ba wanda ya ji rauni.

Ranar buɗe hanya, Uwani ta miƙa wa Ɗahiru kwano a rufe. Ya buɗe, ya ga nakiya sai ƙamshin zuma take.

"Ci, Yallaɓai," ta ce. "Tamu ba ta fashewa."

Darasi: Hukuma tana iya ɓoye abin da mugu zai yi ɓarna da shi, amma kada ta ɓoye wa jama'a haɗarin da ke kusa da rayukansu. Inda aka ƙi yin bayani, jita-jita ce za ta yi shi. Ku tura wa 'yan'uwa, musamman masu riƙe da aikin jama'a.