Gangar Sarkin Noma a Hannun Anaruwa

An yi wani mutum a wani gari, tun zamanin da ba a fita gayya sai da ganga. Sunansa Anaruwa, gyaran ganguna ne abincinsa. Bawan Allah ne, ba ya da baki, sai hannu. Ku saurara, ke mai goyo daina hira.

Ran nan Sarkin Noma Jatau ya kawo masa gangar kakansa. Ganga ta yi baƙi ƙirin da hayaƙin ɗaki, kangon ya tsage, fata ta huje. Zagar ma ta tsinke, 'yar igiyar nan da ke kwance kan fata tana sa ganga ziza.

"Ka tashe ta kafin gayyata," in ji Jatau.

"Ranka ya daɗe, da yardar Allah."

Da ya kwance fata, sai ga laya ɗaure cikin kango, ta kakan Jatau. Bai buɗe ba. Ya share mata ƙura ya mayar inda take.

Itacen kangon alilliba ne, garin kuwa an sare su kaf. Anaruwa ya taka kasuwa uku a ƙasa kafin ya sami guntun tsohon itace irinsa ya cike tsagar. Fata bakwai ya ƙi kafin ya ɗauki ta takwas. Zaga kuwa da hannunsa ya murza ta. Matarsa Tasalla har ta gaji.

"Malam, ganga ce ko amarya? Ɗaura wadda ka samu mana!"

"Amana ce, Tasalla."

Amana ce. Iyakar maganarsa ke nan. Ya kankare hayaƙin shekara da shekaru, itace ya fito fes, ya shafe shi da man kaɗanya.

Ranar gayya, gari ya taru a bakin gona. Makaɗi ya sa gula sau ɗaya, ganga ta yi tsawa, zaga na ziza har ƙirjin mutum. Sai Jatau ya ɗaga hannu.

"Tsaya! Wannan ba gangarmu ba ce. Tamu baƙa ce, muryarta a dishe take. Ka sayar da ta kakana, ka kawo mini sabuwa!"

Kun ji wauta? Mutumin da ya tashi ya iske ganga tana ciwo, ya ɗauka ciwon ne muryarta! Amma Sarkin Noma ne, tuwonsa za a ci ranar. Nan take bakuna suka ɗauka: ɓarawo, ɓarawo.

Anaruwa ya ce, "Ranka ya daɗe, akwai layar kakanka a ciki."

"Ina gani ta cikin fata? Farka mu gani!"

Anaruwa ya dubi fatar nan da ya sha rana a kanta. Ya ciro wuƙa, ya farka ta da hannunsa. Ya sa hannu, ya fito da laya. Wata tsohuwa, gwaggon Jatau, ta shaida ɗinkin ubanta.

Kuna jira in ce Jatau ya ba shi haƙuri? Bai ba shi ba. Cewa ya yi, "To, ga shi ka ɓata mana gayya. Ɗauke ta ka sake fata."

Ya ɗauka, ya sake. Wallahi ya sake.

Waɗanda suka ji "ɓarawo" sun kai labarin kasuwa. Waɗanda suka ga laya kowa ya kama bakinsa. Babu wanda ya ƙara kawo masa ko kalangu. Ya koma ɗinkin guga a bakin rijiya har ya mutu, ganga kuwa tana tashi kowace damina. Tasalla ta tsufa tana bin ƙofa ƙofa, ba tuwo take roƙo ba, mutum ɗaya take nema da zai tsaya cikin jama'a ya ce ƙarya aka yi masa.

To ga karatun. Shi ya riƙe amana, sakamakonsa na wurin Allah, ba ya bukatarku. Ku ne abin tausayi. Wanda ka ɓata a gaban mutane, a gaban mutane za ka wanke shi, ba a zuci ba, ba a kan kabarinsa ba. Wanda ya ga gaskiya ya yi shiru kuwa, shi da maƙaryacin ɗaya suke. Kowannenku ya san Anaruwansa. Kada ku ce mini Allah ya ji ƙansa. Ku tashi ku faɗa da ƙarfi, yadda kuka faɗi ta farko.