Jirgin Nomau da Ƙwaryar Kuluwa

An ce a can zamanin da, ƙasashe biyar suka haɗa kai ƙarƙashin Sarki ɗaya, aka rubuta alkawarinsu a fata aka ajiye a fada. Kowane hakimi shi ke da dokar gonakinsa da kasuwanninsa da tafkunansa. Amma babbar hanya, da yaƙi, da kogin da ya ratsa ƙasashen duka, waɗannan sai Sarki da majalisarsa.

Wata shekara kifi ya yi ƙaranci, sai Hakimi Barmo na ƙasar tsakiya ya sa aka yi shela: an rufe ruwa wata uku, ba kamun kifi, ba fito, wanda ya karya a faskare jirginsa. Ana nan sai ga ayarin hatsin da Sarki ya aika wa mutanen ƙetare, waɗanda fari ya cinye gonakinsu. Nomau mai fito ya dubi jakunan, ya dubi matarsa Kuluwa, ya kwance jirgi ya haye da hatsin. Kafin la'asar an ɗaure shi, an ja jirgin tudu, an sa ranar gatari.

Kuluwa, wadda ko a bakin rijiya ba a jin muryarta, ta saɓa goyo, ta ɗauki ƙwaryar guzurinta, ta kama hanyar birni. Da ta shiga fada, sai ta ga rufin soro kamar sama ta biyu. Da ƙyar ta faɗi abin da ya faru, ta ƙare da cewa, "Ranka ya daɗe, jirgin nan shi ne gonarmu."

Sarki ya juya ga Waziri Haladu. "Dokar Barmo ta hau kogi, ko ba ta hau ba?"

Waziri ya ce, "Allah ya ba ka nasara, mu je mu tambayi ruwan."

Aka ɗunguma har mashigi, Barmo ya fito tarye. Waziri ya ce wa Kuluwa, "'Yata, ara mini ƙwaryarki." Ya ɗora ta a kan wani tafki da ke gefe. "Hakimi, ruwan wa ke ɗauke da ita?"

"Nawa."

Ƙwarya ta zauna inda aka sa ta. Waziri ya ɗauko ta ya ɗora a kan kogi. "Yanzu fa?"

"Nawa mana, Waziri, ai a ƙasata kake tsaye!"

Waziri ya ɓare goro. Kuluwa tana kallo har ƙwaryar ta wuce kukar da ke kan iyaka.

"Hakimi, ga ruwanka can yana gudu da kayan baiwar Allah. Aika dogari ya kamo shi."

Barmo ya sunkuyar da kai. "Ya shiga ƙasar kudu. Ba ni da iko can."

"Da safe ma yana ƙasar wani," in ji Waziri. Ya sa aka karanta fatar alkawari, aka ji kogi na Sarki ne da majalisarsa.

Sarki ya ce, "Hana kamun kifi a tafkunanka ya tabbata, ba mai taɓa shi. Kogi kuwa, in kifinsa ya dame ka, kawo maganar majalisa. A kwance mai fito, zan haye in ga mutanen ƙetare."

Barmo ya naɗe babbar rigarsa, ya sa kafaɗa tare da dogarai, suka tura jirgin cikin ruwa. Kuluwa ta rufe baki da gefen mayafi, tana kallon mijinta, da shatin igiya a hannu, yana tuƙa Sarki.