Tankin Mai da Allurar da Ta Kwanta

Akwai wani mutum mai injin matse man gyaɗa. Yana da babban tanki a bisa ginshiƙai, inda ido ba ya ganin cikinsa, ma'aikata kuwa suna aiki a ƙarƙashinsa. Sai ya sa aka ɗaura na'urori biyu a gindin tankin. Ta farko mai ji ce: nauyin mai yana danna ta, ita kuma tana mai da dannawar nan ta zama ɗan lantarki mara ƙarfi. Ta biyu mai aikawa ce: tana karɓar ɗan lantarkin, ta ƙarfafa shi, ta tura ta waya har ɗakin injin, inda allurar ma'auni take nuna yawan man. Mutumin nan yana ji da kayan nan ƙwarai. Ko ruwa ka zo roƙo, sai ka ga allura kafin ka sha.

Wata rana zai tafi sayen gyaɗa, sai ya bar wa taubashinsa tsaro. Ya ce, “Bawana, aikinka ɗaya ne. In allura ta yi sama, kashe famfon da ke tura mai.”

Taubashin ya ce, “Wa ye bawanka? Tafi abinka, mai kan tulu. Ko akuya ta iya wannan.”

Da mai injin ya dawo, ya tarar famfo yana ta ruri, taubashi ya miƙe ƙafa yana cin ƙuli-ƙuli. Taubashin ya ce, “Ubangidanka ya cika aiki! Tankin nan naka rami ne. Tun ɗazu nake ɗura masa, allura ta kwanta a ƙasa, ko motsi.”

Mutumin ya duba, ya ga allura ta wuce alamar wofi, ta kwanta can ƙasa. Ya daka tsalle ya kashe famfon, ya yi wa ma'aikata ihu su fita daga ƙarƙashin tanki.

Taubashin ya ce, “Lafiya? Ai babu komai a ciki!”

Ya ce, “Kai, ɗan ƙauye! Mai aikawar nan ba ta yin shiru. Ko ɗigo babu a tanki, tana turo ɗan lantarki kaɗan, wato tana cewa, babu mai, amma ina nan. In allura ta faɗi ƙasa da alamar wofi, ba mai ne ya ƙare ba, waya ce ta yanke.”

Suka hau tsani suka leƙa. Ga mai da zafinsa, saura ɗan yatsa ya malalo bisa kan mutane. Suka bi waya, suka iske gafiya ta cinye ta a bayan bango. Taubashi ya zauna a ƙasa, ya ajiye ƙuli-ƙulinsa. Mai injin kuwa ya shafa na'urarsa, ya ce, “Kun gani? Ko da aka yanke mata harshe, sai da ta faɗa mini.”

To 'yan'uwa, har da ku masu gyangyaɗi a bencin baya, ga abin da misalin nan yake nufi. Tankin nan zuciyar ɗan'uwanka ce, ba mai ganin cikinta sai Allah. Nauyin da ke danna ta, ita kaɗai take ji, sai baki ya aiko mana. Wanda ya zo sujada ya ce, “Yau ba ni da ƙarfi, ko waƙa ba zan iya ba,” ku gode wa Ubangiji, wayarsa tana aiki. Wanda ya yi tsit, ba gaisuwa, ba kuka, ba roƙon addu'a, kada ku ce ba shi da damuwa. Wataƙila ya cika har baki.

Ina alfahari da ikilisiyar nan, domin zumuntar mata ba sa jiran a kira su kafin su buga ƙofa. Mu maza fa? Ku duba bencin da kuke kai. Wanda ya saba zama kusa da ku, yau ba ya nan, kada ku ci abincin rana sai kun tsaya a ƙofar gidansa.