Ciyawar da Tabawa Ta Shayar da Maɗaci

Dalilin da ya sa ciyawar nan ta bakin tsohuwar rijiya take kore shar, ba tsutsar da ke taɓa ta, ba kuma dabbar da ke kai mata baki, ku matso in gaya muku. Kai Sule, tofar da ita! Ba ka jin ɗaci ne?

A da, ita ce ta fi kowace ciyawa garɗi a garin nan. Gajeruwa ce, shimfiɗe kamar tabarma, ko da rani ba ta bushewa saboda ruwan da ke zuba daga guga.

A lokacin akwai wata tsohuwa, Tabawa. 'Yarta ta rasu wajen haihuwa, ta bar mata jariri, aka sa masa Talle. Ba mai shayarwa a kusa. Abin da Tabawa ta mallaka akuya ce guda ɗaya, ja. Akuya ta ci ciyawar rijiya, Talle ya sha nonon akuya. Iyakar abin da ya riƙe ran yaron ke nan.

Takan ɗaga shi ta ce, "Sha, angona. Miji ba haƙori, sai ci kamar gara!"

Ana nan, sai ciyawa ta fara ja wuri-wuri. Tabawa ta kama ta ja, sai ta taso gaba ɗaya, ba saiwa. Ga gwazarma a ƙasa, fararen tsutsotsi masu ƙiba, sun nannaɗe suna ci. Ta tsince su har yatsunta suka yi jini. Kashegari sun fi na jiya.

Ta je wurin Jatau, wani manomi maƙwabcinta.

"Jatau, ka taimake ni. Abincin mijina ake cinyewa ta ƙarƙashi."

"Iya, ki jiƙa ɓawon maɗaci ki yayyafa. Amma kaɗan fa. Ƙoƙo ɗaya."

"Ƙoƙo ɗaya? Ka ga yawansu kuwa?"

"Na dai gaya miki."

Ta yayyafa ƙoƙo ɗaya. Da safe ta tono, ta ga wata gwazarma tana motsi. Tsoro ya kama ta. Wanda ya binne 'ya bai cika wata biyu ba, ba ya jin kalmar kaɗan. Ta sassaƙo ɓawo cike da kwando, ta jiƙa a randa, ta dinga kwarara tulu-tulu har kwana bakwai.

Gwazarma suka mutu, ko ɗaya ba ta saura ba. Ciyawa ta farfaɗo, ta yi kyan da ba ta taɓa yi ba. Tabawa ta rangaɗa guɗa, ta jawo akuya da gudu.

Akuya ta sunsuna, ta yi atishawa, ta kau da kai.

"Ci mana, 'yar nan. Don Allah ki ci."

Ta ƙi. Tabawa ta tsinko ganye ɗaya ta tauna. Ɗaci ya kai mata har maƙogwaro. Ta zauna daɓas a ƙasa.

Ta ɗebo ruwan rijiya tana wanke ciyawa, guga bayan guga, har igiya ta yanke mata tafin hannu. Ina! Ɗacin ya riga ya shiga saiwa. Tsakiyar rani ne, ko'ina ƙasa ce fayau. Jatau ya kawo ɗan guntun harawa, kwana uku ya ƙare. Hantsar akuya ta motse. Aka gwada wa Talle koko, cikinsa ya ƙi karɓa.

Ran Laraba da hantsi yaron ya daina kuka.

Bayan an kai shi makwancinsa, Tabawa ta je ta tsaya a kan ciyawar, ta ce, "To, ke kin tsira. Zauna ki rayu ke kaɗai."

Shi ya sa har yau ba ƙwaron da ke iya mata, ba akuyar da ke son ta. Tana nan kore shar, ba ta ciyar da kowa.