Jarkar Haladu Mai Wankin Esi

An yi wani mutum, wani bawan Allah, a wani gari da ba zan kama sunansa ba, don kada wani ya ce da danginsa nake. Shekarun baya ne, lokacin da na'urar sanyaya ɗaki, wadda kuke ce wa esi, ta fara yawa a gidajen masu hali. Sunansa Haladu, sana'arsa wankin esi. Ku saurara, jama'a. Kai na jikin ginshiƙi, ajiye wayar nan, har da kai nake.

Duk mai esi ya sani, in ta daɗe ba a wanke ba sai ta daina sanyi. Ƙura da hayaƙin turaren wutan matanmu su taru su toshe siraran ƙarafan nan na ciki, masu kama da haƙoran matsefi, ta yi ta gurnani tana shan wuta a banza. Haladu zai zo da tsaninsa, ya cire murfi, ya zare raga, ya rataya leda a ƙasa, ya fesa wani maganin wanki mai ƙarfi, sannan ya bi da ruwa. Ruwan da ke sauka baƙi ne ƙirin, ledar ta tare shi ya gangara cikin jarka.

To, ga inda maganar take. Sauran masu sana'ar suna gamawa sai su sheƙa ruwan a makwararar tsakar gida, su karkaɗe hannu su tafi. Haladu kuwa sai ya toshe bakin jarkar, ya ɗaure ta a bayan babur, ya tafi da abinsa. Kullum haka. Shi kuma ba mai yawan magana ba ne, daga sallama sai aiki.

A unguwar akwai wani attajiri, Alhaji Sidi, yana zaune da mahaifiyarsa Hajiya Yalwa, tsohuwa mai kiwon tantabaru. Haladu ya wanke esin ɗakinta ranar Talata, ranar Alhamis ta kwanta da zazzaɓi. Sai direban gidan, Ɗanliti, ya matso kusa da mai gidansa ya rage murya.

Ya ce, "Alhaji, ba wai na ce wani abu ba ne. Amma ka taɓa tambayar kanka ina mutumin nan yake kai ruwan?"

Alhaji ya ce, "Wane ruwa?"

"Ruwan ɗakin Hajiya mana. Numfashinta na ciki, guminta na ciki. Mutum ya shiga har uwar ɗaka, inda ko ni ban taɓa takawa ba, ya kwashe ya tafi da shi. Me zai yi da ruwan datti in ba wani wuri ake aikensa ba?"

Kun ji fa! "Ba wai na ce wani abu ba ne." Wallahi duk wanda ya fara maka magana da haka, ya gama faɗin komai. Kafin Juma'a ta zagayo, magana ta gama unguwa. Wadda cikinta ya zube bara ta tuna Haladu ya shiga ɗakinta. Wanda kasuwa ta juya wa baya ya tuna shi ma an wanke masa esi. Haladu ya ga an daina kiransa, in ya yi sallama a majalisa sai a amsa ciki-ciki, wanda yake kusa da shi a sahu ya ɗan ja jiki. Abin ya dame shi ƙwarai, don mai shiga ɗakunan mutane ba shi da jarin da ya wuce sunansa. Amma bai san laifinsa ba, babu kuma wanda ya tare shi ya faɗa masa.

Alhaji Sidi ya ce zai kama shi da hannunsa. Ya aika aka kira shi, wai esin falo ba ta sanyi. Haladu ya zo da murnarsa, bawan Allah, ya ɗauka arziki ne ya dawo. Yana aiki Alhaji na tsaye a kansa, ido ko ƙiftawa babu. Ya duba hannu, ya duba aljihu, ko leɓen Haladu ya motsa da bisimilla sai Alhaji ya kalli Ɗanliti, Ɗanliti ya gyaɗa kai.

Ya gama, ya toshe jarka, ya sunkuya zai ɗauka. Alhaji ya ce, "Ajiye. Zuba shi nan a makwarara, a gabana."

Haladu ya ce, "Alhaji, ka yi haƙuri, ruwan nan ba na zubarwa a cikin gida ba ne. Maganin da ke ciki yana da dafi."

"Dafi ko? Kai da bakinka ka faɗa."

"Na wanki nake nufi, ranka ya daɗe. Ina da ramin da nake zubawa a bayan gari."

Ɗanliti ya ce, "Ka ji, Alhaji? Rami. A bayan gari."

Jama'a, gaskiya tsagwaronta mutumin nan ya faɗa, amma zuciyar da zargi ya riga ya cika, duk abin da ka zuba mata zargi yake komawa. Alhaji ya fizge jarkar, ya tuttule ta da kansa a makwarara, ya kore shi ko jarkar bai ba shi ba. Haladu ya juyo daga bakin ƙofa ya ce, "Don Allah a bi shi da ruwa mai yawa, kada a bar shi ya kwanta." Aka rufe masa ƙofa a fuska, ba wanda ya bi da ko kofi ɗaya.

Da la'asar tantabarun Hajiya suka sauko shan ruwa a makwararar. Kafin magariba biyar sun mutu.

Kuna tsammanin Alhaji ya ce, ashe gaskiya ya faɗa? Ina! Cewa ya yi, "Kun gani! Abin da aka shirya wa mahaifiyata ke nan." Washegari da safe aka tisa ƙeyar Haladu zuwa ƙofar Mai Unguwa Barau, jama'a sun cika maƙil, wasu har da sanduna.

Mai unguwa dattijo ne mai natsuwa. Ya ce, "Haladu, me kake yi da ruwan ɗakunan mutane?"

Haladu ya buɗe tafin hannunsa biyu. Duk sun tsattsage, fata ta saɓule a tsakanin yatsu. Ya ce, "Ranka ya daɗe, abin da maganin yake yi wa hannun namiji ke nan. A aika a kira Gwaggo Delu mai ƙosai."

Aka kira ta, ta zo tana dogara sanda. Da ta ji abin da ake tuhuma, sai ta saki salati. Ta ce, "Wannan yaron? Shekara shida da suka wuce akuyata ta mutu, ita kaɗai gare ni, na ɗauka ciwo ne. Shi ya zo da ƙafarsa yana hawaye, ya ce Gwaggo, ruwan aikina ta sha a kwata. Ban sani ba, ban tambaye shi ba. Ya kawo mini wata, ya rantse a gabana ba zai ƙara zubar da ruwan nan inda mai rai zai taɓa ba. Ku je ku ga ramin, nesa da rijiya ya haƙa shi."

Sai Haladu ya dubi Alhaji Sidi, ba da faɗa ba, ya ce, "Alhaji, jikarka ƙarama, duk zuwan da nake yi a bakin makwararar nan nake samunta tana wasan girki da gwangwani, tana ɗiba tana kaiwa baki. Jiya tana ina? Ni abin da ya hana ni sukuni ke nan."

Alhaji ya zabura ya miƙe. Jiya uwarta ta tafi da ita gidan suna, yau da safe za su dawo, ruwan kuma yana nan kwance. Babban mutum da babbar riga, sai ga shi yana gudu a titi, takalmi ɗaya a ƙafa. Ya iske yarinyar ta sauka daga mota ke nan, gwangwaninta a hannu. Ya sure ta ya rungume, ya durƙushe a tsakar gida yana kuka.

Zazzaɓin Hajiya kuwa, da aka kai ta asibiti, na cizon sauro ne.

Alhaji ya je har gida ya nemi gafara. Haladu ya ce, "Na yafe, Allah ya yafe mana baki ɗaya. A dai maido mini da jarkata, gobe ina da aiki." Amma kada ku ɗauka komai ya koma daidai. Akwai gidajen da har ya bar duniya ba su ƙara kiransa ba, suna cewa ai ba a rasa wani abu ba.

To jama'a, darasin a fili yake. Mummunan zato zunubi ne, kuma ɓata sunan talaka zalunci ne ko ba ka ɗaga masa hannu ba. Mutumin da suke tsoro, shi ne yake tsare musu 'ya'ya shekara shida ba su sani ba. Ni da ku, mutum nawa ke shiga gidajenmu, mai gyaran wuta, mai famfo, mai wanki? In ka ga abin da ba ka gane ba, tambaye shi, in ya amsa kuma ka saurara. Kai kuma mai sana'a, ka ji tsoron Allah a kan abin da kake bari a bayanka, ko ba mai ganinka. Wanda ya san akwai Haladun da ya ci namansa a majalisa, yau kafin rana ta faɗi ya je ya same shi. Allah ya tsarkake mana zukatanmu, ku ce amin.