Jarkoki Huɗu da Ƙafar Malam Mantau

Ku gyara zama, yau shari'a na kawo, kuma ku ne alƙalan.

Malam Mantau mai haƙar rijiya yana da wata tsohuwar bas da ya cire wa kujeru, ya sa gado da labule da murhun gas, domin aikinsa na kai shi inda babu masauki. Wata shekara ya bar motar a gida ana gyara, ya tafi aiki wata ruga can arewa da Machina. Sai saƙo ya zo cewa dutse ya faɗo masa a ƙafa, har ciwon ya fara wari. 'Ya'yansa uku suka shirya ɗauko shi. Kwana biyu ne zuwa, biyu dawowa, cikin yashi, babu gidan mai ko ɗaya.

Babbansu Sallau shi ne direba, kuma hankalinsa ya tashi ƙwarai. Ya cika jarkokin roba na man gyaɗa da fetur, ya tura ƙarƙashin gado. Ƙanensa Tanimu mai walda ya ce sam bai yarda ba. Sallau ya yi ta faɗa, har ya kira shi mai taurin kai. Tanimu ya kwashe man ya kai nesa, ya ɓata rabin yini yana ƙera maɗauri na ƙarfe a bayan motar, sannan ya juye man a jarkokin ƙarfe huɗu, ya bar wa kowace sararin yatsa huɗu saboda zafi na kumbura mai. A hanyar dawowa, suna dafa ruwan wanke ciwon, labule ya kama wuta daidai bakin gadon da tsohon yake kwance. Suka kashe ta da yashi. Da man yana inda Sallau ya fara ajiye shi, da ba ni da labarin ba ku.

Autarsu Ladidi mai sayar da abinci ce a tasha, hancinta ba ya ƙarya. Tun a tafiya ta ce tana jin warin fetur. Yayyenta suka yi mata dariya, wai mota ai dole ta yi warin mai. Ta nace sai da aka tsaya. Ashe robar murfin jarka ɗaya ta tsage, mai yana tsiyaya tun safe. Ta yanka silifas ɗinta ta yi wa murfin sabuwar roba, ta jiƙa buhu ta lulluɓe jarkokin, ta ƙarasa tafiyar da takalmi ƙafa ɗaya. Abin da ta ceto ɗin nan shi ya fitar da su daga yashi.

Saura jarka ta ƙarshe, wadda aka sayi man cikinta a wajen wani ɗan bumburutu. Sallau ya girgiza ta ya tsiyaya kaɗan a kwalba, sai ga ruwa ya kwanta a ƙasa. Tsohon yana nishi, ƙannen suna cewa a zuba kawai a tafi. Sallau da ya fi kowa gaggawa, shi ya zauna a inuwar mota, ya bar man ya kwanta, ya tsiyaye na sama a hankali ta cikin ƙyalle, ya bar ruwan. Injin bai yi tari ko sau ɗaya ba har ƙofar asibiti.

Likita ya ce da an ƙara yini ɗaya, sai an yanke ƙafar. Bayan wata biyu Malam Mantau ya taka da ƙafarsa, ya tara su, ya ajiye makullin motar a tabarma.

"Ni na gama yawon daji," in ji shi. "Motar nan ta wanda ya dawo da ni da ƙafata ce."

Sallau ya miƙa hannu, ya dubi ƙannensa, kunya ta kama shi, ya janye.

To jama'a, Tanimu ko Ladidi ko Sallau, wa ya kamata ya ɗauki makullin nan?