Gauraka da Turmin Gizo a Jirgin Sama

"Ku matso kusa, yara. Ga ta nan, ga ta nanku."

"Ta zo mu ji ta, Malam."

Wata shekara dabbobi suka shiga jirgin sama za su biki. Daga Agadas suka taso ko daga Garwa? Ya ɓace mini, na bi garuruwan nan duka. Mai kula da fasinja dai Gauraka ce, wannan kam ba na mantawa.

Gizo ya zo da turmi, ya cusa shi a ma'ajiyar kaya da ke saman kujeru. Daidai ƙarƙashin wurin Zabuwa ce zaune da 'yan tsakinta a cinya. Gauraka ta rufe murfin da kanta, ta tabbatar ya kama.

Jirgi ya sauka lafiya, amma bai tsaya ba, yana tafiya a ƙasa zuwa inda ake fita. Gauraka na zaune a 'yar kujerarta ta bakin ƙofa, ɗaure da bel, don ita ma doka ta hana ta tashi. Sai ta ji ƙas! Gizo ya kwance bel ya miƙe, yana so ya riga kowa zuwa rabon nama.

Ta ce, "Malam Gizo, a zauna, ba mu tsaya ba."

"Ƙafata ta bakwai ce ta yi tsami, Hajiya."

"Allah ya sawwaƙe. Miƙe ta a zaune."

Ya zauna yana gunaguni. Can kuma, ƙas!

"Malam Gizo!"

"Ruwa zan samo wa Baba Kunkuru."

Kunkuru ya leƙo da kai ya ce, "Ni? Ai azumi nake yi."

Aka kwashe da dariya, Gizo ya koma.

A karo na uku sai ya raɗa wa Kura, "Wanda ya fita a ƙarshe, ƙashi zai tarar." Kura ta zabura. Biri ya tashi, Bunsuru ya tashi, hanya ta cika. Gizo ya kai hannu kan murfin nan.

Gauraka ta san abin da ke ciki da waɗanda ke ƙasa. Amma ba ta yi ihu ba. Ta ɗauki waya ta kira Shaho, matuƙin jirgi, ta ce, "Tsaya a hankali, fasinja na tsaye."

Jirgi ya tsaya cak a tsakiyar fili.

Ta ce, "'Yan uwa, nan za mu zauna har sai kowa ya koma kujerarsa. Ni ba sauri nake yi ba."

Biri ya zauna. Bunsuru ya zauna. Kura ta zauna tana harara, ta ce, "Gizo, in naman nan ya ƙare, kai zan ci."

Gauraka ta ce, "Inna Kura, a jirgina ba a cin fasinja. Malam Gizo, sauke hannunka. Kai kaɗai ake jira."

Gizo ya duba dama, idanu. Ya duba hagu, idanu. Ya sulale ya ɗaura bel.

Jirgi ya ci gaba. Ba su yi nisa ba motar mai ta gifta, Shaho ya taka burki da ƙarfi. Gum! Turmi ya daki murfi, murfi ya riƙe. Zabuwa ta duba 'ya'yanta, babu ko ƙwarzane. Ta ɗaga kai ta dubi Gauraka.

Da aka buɗe ƙofa, Gauraka da kanta ta sauke wa Gizo turminsa, ta ce masa a sauka lafiya kamar yadda ta ce wa kowa. Gizo ya saɓa shi yana cewa, "Dama ni tun farko na ce a zauna."

To, yara, in abin hawa bai tsaya ba, kada ku tashi, don gaggawarku wani take faɗa wa a kai. In kuma aka ba ku amanar mutane, ku riƙe ta kamar Gauraka: ba zagi, ba ihu, kuma ba sassauci.

Ƙungurus kan kusu, jirgi ya tsaya, kowa ya iya tashi.